Jama'a a Bakin Get, Asirinsu a Fili

Legas gari ne da ba ya gajiya da gini. Daga Agege zuwa Obalende, duk inda ka bi za ka ga ana kwaɓa siminti, kuma da yawa daga cikin abin da ake ginawa da kuɗin jama'a ake yin sa: kotuna, asibitoci, sakatariyoyin ƙananan hukumomi, tashoshin bas da na jirgin ƙasa. Babbar Kotun Jiha da ke Igbosere, wadda aka ƙona a watan Oktoban 2020 cikin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, tana cikin waɗanda aka ɗauki aikin sake ginawa. In ana maganar irin waɗannan ayyuka, abin da ake tambaya shi ne biliyan nawa za a kashe, hawa nawa ne, wa aka ba kwangilar. Ni abin da ya fi damuna shi ne inda za a sa katanga, da kuma wanda katangar za ta kare.

A ganina yawancin gine-ginen hukuma a garin nan an yi musu katanga a inda ya kamata a buɗe, an kuma bar su a buɗe a inda ya kamata a rufe. Mutum ya zo da buƙatarsa, sai a tsare shi a bakin titi, rana ta dake shi ko ruwa ya jiƙa shi, kamar ba da harajinsa aka yi ginin ba. In Allah ya sa ya samu shiga, sai ya tarar babu ko lungu ɗaya da zai faɗi damuwarsa ba tare da duk wanda ke kan layi ya ji ba. Mutum ɗaya tak ginin ya rufa wa asiri: babban ma'aikacin da ke can hawa na sama, bayan ƙofa biyu da teburin sakatare.

Duk wanda ya taɓa neman takarda a Legas ya san yadda bakin get yake da sassafe. Mutum ya baro Alaba Rago ko Mile 12 tun bayan sallar asuba don ya riga cunkoson motoci, ya iso kafin a buɗe. Babu benci, babu rumfa. Inuwar da ake da ita ta lemar mai fotokofi ce da ta mai ɗaukar hoton fasfo, sai ta mai sayar da ruwan leda. Mata masu goyo suna zaune a kan murfin kwata, tsofaffi sun jingina da katanga. Wani ya yago takarda yana rubuta sunaye da lamba, ba wanda ya san ko ma'aikaci ne ko shi ma jira yake. A cikin wannan ruɗani ne dillalai suke cin kasuwarsu. Wani zai raɓo ka ya ce, “Alhaji, me ka zo yi? Kawo in shigar maka.” Ana yawan zagin waɗannan dillalai, amma ginin ne ya haife su. Inda babu allon da ke nuna ƙofar da za ka bi, babu teburin tambaya, babu wanda zai gaya maka kuɗin fom na gaskiya, dole sanin hanya ya zama haja.

Abin da ke ciki ya fi wannan ciwo. A wani ofishin gwamnati a nan Legas na ga wata dattijuwa Bahaushiya da ta zo kan maganar haƙƙin mijinta da ya rasu. Tsakaninta da ma'aikaciyar akwai gilashi mai kauri da 'yar kafa a ƙasa, janareto yana ruri a bayan taga, don haka sai an ɗaga murya ake ji. Ba ta jin Turanci, Yarbancinta kuma na ciniki ne. Wani saurayi da ke kan layi, wanda bai haɗa komai da ita ba, shi ya zama tafinta. Ma'aikaciyar ta yi tambaya da ƙarfi, shi kuma ya juyo ya ce, “Inna, wai ku nawa ne matansa? Wai akwai 'ya'yan da ya haifa a wani wuri? Wai nawa ne a asusunsa?” Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta amsa a hankali, aka ce ba a ji ba, ta sake faɗa. Kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai don kunya, amma kowa ya ji. Ma'aikaciyar ba ta yi da mugunta ba, aikinta take yi a wurin da aka ajiye ta. Wanda ya zana ɗakin ne bai taɓa kawowa a ransa cewa wata rana mace mai takaba za ta tsaya a nan ba.

Haka abin yake a ɗakin karɓar kati na asibitoci da yawa, inda ake tambayar mace abin da ke damunta maza na tsaye a bayanta. Haka yake a kantar ofisoshin 'yan sanda da yawa, inda yarinyar da aka ci wa zarafi za ta ba da labarinta a gaban mai ƙarar satar waya da wanda aka kamo kan faɗa. Mace nawa ce ta juya gida da ciwonta ko da ƙararta saboda wannan? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri, kuma a 2023 an yi dokar kare bayanan mutane. Doka tana kula da abin da ke cikin kwamfuta, alhali fayil ɗin mutum yana buɗe a kan kanta, muryar akawu kuma tana kaiwa har bakin ƙofa.

Abin da ya sa wannan yake ba ni takaici musamman shi ne, mu Hausawa mun gaji maganin wannan matsala daga kakanninmu. Dubi gidan gargajiya a Kano ko Zariya ko Katsina. Akwai ƙofar gida, inda ake shimfiɗa tabarma, kowa ya zauna ba sai an san shi ba. Sai zaure, inda baƙo zai yi sallama ya shiga ya samu inuwa, a kawo masa ruwa, matafiyi ma ya kwana. A nan malam yake karantarwa, a nan mai unguwa yake sasanta mutane. Ƙofar da ke fita daga zaure zuwa ciki ba a sa ta daidai da ta waje, ana karkatar da ita don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Daga nan sai shigifa, wadda sai na jiki yake kaiwa. Bayan ta sai tsakar gida da ɗakuna. Ba a ce wa baƙo “tsaya a waje”, ba a kuma ce masa “shiga ko'ina”. Ginin da kansa yake gaya masa iyakarsa, mataki bayan mataki, ba tare da an wulaƙanta shi ba. Fada ma haka take. Gidan Rumfa a Kano, wanda ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana da fili a gaban Ƙofar Kudu inda jama'a ke taruwa, sai soraye na zaman fada, sai cikin gida da ba kowa ke shiga ba.

Na san gida daban, ofis daban. Tsarin zaure an yi shi ne a kan raba maza baƙi da matan gida, kuma zauren kansa wurin maza ne. Ginin hukuma dole ya karɓi mace da namiji, Musulmi da Kirista, Bayarabe da Inyamiri da Bahaushe a ɗaki ɗaya. Abin da nake cewa a ɗauka shi ne hikimar jerantawar: wuri na farko mai faɗi da inuwa wanda kowa zai shiga ba tare da an tambaye shi takarda ba, wuri na biyu da za a zauna da mutum shi kaɗai a ji buƙatarsa, wuri na uku na ma'aikata da fayiloli wanda ba a shiga sai da izini. A yawancin ofisoshinmu matakin farko babu shi sam, titi ne ya maye gurbinsa. Na biyu kuma an matse shi ya koma taga ɗaya.

Tarihin garin ya nuna inda muka gaji wannan hali. Turawan mulkin mallaka sun gina ofisoshinsu ne don su mulki mutane, sun keɓe Ikoyi don zamansu nesa da 'yan ƙasa. Bayan samun 'yanci, musamman a shekarun kuɗin man fetur na 1970, sojoji suka yi gine-gine don nuna isa. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu an kammala shi a 1976 saboda FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya da aka yi a 1977, an kwaikwayo siffarsa daga wani gini a birnin Varna na ƙasar Bulgeriya, babban ɗakinsa yana cin mutum 5,000. Gini ne mai kwarjini, ba mai musu. Amma an dasa shi a tsakiyar wani makeken fili, manyan tituna da fadama sun raba shi da unguwannin da ke kewaye. Shekaru da yawa babban ɗakin yana rufe, alhali 'yan wasa da mawaƙa da marubuta suna taruwa a waje, ƙarƙashin bishiyoyi, a wurin da ake kira Abe Igi. Mutane da kansu suka yi wa ginin zauren da masu zane ba su yi masa ba. Yanzu bankuna sun gyara shi, an sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, kuma layin dogo na Blue Line da ya fara jigila a 2023 yana da tasha a gefensa. Ina fata harabar za ta zama wurin da ɗalibi ko mai tura baro zai iya zama ya huta ba sai yana da tikiti ba.

Tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi kuwa, tun da aka mayar da babban birni Abuja a watan Disambar 1991 ta zama kango, shekara da shekaru. Gini ne da aka yi don ofis kawai. Da ofisoshin suka tashi, babu abin da ya rage da zai sa jama'ar gari su ji nasu ne. Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoban 1960, shi ma a yau an fi sanin sa da baje koli da tarukan da ake kama wuri da kuɗi.

Akwai inda aka yi daidai, kuma a cikin garin nan. Freedom Park da ke kan titin Broad tsohon kurkukun Turawa ne, inda aka taɓa tsare mutane irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. Mai zanen gine-gine Theo Lawson ya mayar da shi wurin shaƙatawa, aka buɗe a 2010 lokacin cikar Najeriya shekara 50. Bai rushe katangar ba, ya bar ta tana tare hayaniyar titi, ciki kuma akwai fili na taro da kuma lunguna da mutum biyu za su zauna su yi magana ba mai jin su. Ana biyan kuɗin shiga, wanda ni da so samu ne a cire shi ko da a wasu ranaku. A Onikan kuma akwai cibiyar John Randle, wadda aka gina a inda likitan nan Dokta John Randle ya yi wa jama'ar Legas wurin koyon iyo a 1928, lokacin da hukumar Turawa ba ta damu da yi musu ba. Sabon ginin ya haɗa gidan tarihi da wurin iyo da filin zama. Wannan ya isa hujja cewa muna da masu zanen da suka iya. Matsalar ita ce ana kiran su ne in za a yi gidan tarihi. In za a yi ofishin da talaka ke zuwa neman takardar haihuwa, sai a ɗauko tsohon zane daga durowa.

Za a ce mini tsaro. Ban raina wannan magana ba. Bayan bam ɗin da aka kai hedikwatar 'yan sanda a Abuja a watan Yunin 2011 da na ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agustan wannan shekarar, da kuma ƙone-ƙonen da Legas ta gani a 2020, ba mai hankalin da zai ce a bar ƙofa sake. Ma'aikaci ma ɗan wani ne, yana da haƙƙin ya yi aiki ba tare da fargaba ba, kuma takardun filaye da na shari'a amana ce. Amma a duba abin da muke yi da sunan tsaro: muna tara ɗaruruwan mutane a bakin get, a gefen titi, ba wanda ya bincika su, ba abin da ya raba su da motoci. Wannan taron shi ne wuri mafi haɗari a duk ginin. Abin da ya fi hankali shi ne a tsayar da motoci nesa, a bincika mutum sau ɗaya a ƙofar farko cikin sauri, ya shiga babban zaure ya zauna, sannan ƙofa mai ƙarfi ta kasance tsakanin zauren da ɓangaren ma'aikata. Tsaron bai ragu ba, an dai matsar da shi ciki.

Wasu ƙasashen da suka ga tashin hankali fiye da namu sun bi wannan hanya. Majalisar dokokin Jamus a Berlin, da aka sake buɗewa a 1999, tana da ƙubbar gilashi da jama'a ke hawa suna hango zauren majalisa a ƙasansu, bayan an bincika su. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu a Johannesburg, da aka buɗe a 2004, an gina ta a harabar tsohon kurkuku, har da tubalan kurkukun a bangonta, kuma an tsara zauren shigarta da tunanin shari'ar da ake yi a gindin bishiya, inda kowa ke gani.

Kotu ce ma ta fi buƙatar wannan lissafi, shi ya sa na fara da Igbosere. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, don haka dole ɗakin shari'a ya zama mai sauƙin samu, mai isasshen wurin zama. Amma a cikin ginin nan ɗaya akwai mai shaida da ke tsoron dangin wanda ake tuhuma, akwai lauya da ke buƙatar ganawa da wanda yake karewa, akwai shari'ar yara da ta iyali da doka ta ce a kare su daga idon jama'a. Sau da yawa duk waɗannan a baranda ɗaya suke cakuɗuwa, lauya yana raɗa da mutuminsa a gindin matakala. Legas ce ta fara kafa cibiyar sulhu a jikin kotu a 2002, inda ake zama a sasanta ba sai an kai gaban alƙali ba. Sulhu kuwa ba ya yiwuwa sai a ɗakin da mutum zai iya cewa “na yi kuskure” ba tare da duniya ta ji ba. Sabuwar kotu tana buƙatar hanyar alƙalai daban, ta waɗanda ake tsare da su daban, ta jama'a daban, da ƙananan ɗakuna masu ƙofa da yawa.

Sauran abubuwan ba su da tsada, kulawa ce kawai babu. Legas gari ne mai zafi da gumi, ruwan sama kuma yana zuba kamar da bakin ƙwarya daga Afrilu zuwa Yuli. Maginan shekarun 1950 da 1960 sun san haka, suna yin baranda mai faɗi da bulo mai huji da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Yanzu an koma gilashi daga sama har ƙasa, in wuta ta ɗauke ɗakin jira ya zama tanda, na'urar sanyaya ɗaki kuma a ofishin manya kaɗai take aiki. Banɗaki yana nan amma a kulle, mabuɗin yana hannun ma'aikata. Babu inda mace za ta kauce ta shayar da jariri. Babu famfon alwala, sai ka ga dattijo yana tsugune bayan motoci da ruwan leda, ya shimfiɗa kwali a gefen kwata ya yi azahar, yana tsoron kada a kira lambarsa. A garin da Musulmi suke da yawa haka, Yarbawa da Hausawa da sauransu, ƙaramin ɗaki mai tsabta da kowane mai addini zai iya shiga ya yi ibada ba alfarma ba ce. Wannan ne ma ya sa baƙon da ya sauka a Agege ko Idi-Araba masallaci yake fara nema, domin nan ne kaɗai zai samu ruwa da inuwa da wurin zama ba tare da an tambaye shi wurin wa ya zo ba.

Masu buƙata ta musamman kuwa doka tana bayansu. Jihar Legas ta yi dokarta tun 2011, gwamnatin tarayya ta sa hannu a tata a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk da haka har yau za ka ga ofishin da jama'a suka fi zuwa a hawa na biyu, lifta ta lalace, ana ɗaukar mutum da kekensa a hannu ana hawa da shi. Mafi sauƙin gyara shi ne a sauko da duk wani tebur da ke hulɗa da jama'a zuwa ƙasa, manya su hau sama tun da su ba su da yawa.

Wani zai ce fili ya yi tsada, Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya ga kuma miliyoyin mutane. Gaskiya ne. Amma a leƙa harabar kowace sakatariya a ga abin da ya cinye filin: motoci. An yi wa motar shugaba rumfa, mai jego tana rana. Rabin wannan fili ya isa a yi zaure mai rufi da benci da bishiyoyi.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. In an riga an zuba dakali an ɗora bene, gyara sai da rushewa, don haka lokacin magana shi ne kafin a kafa harsashi. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma kullum akwai wadda ke gina sakatariya ko asibitin unguwa ko kasuwa. Gwamnatin jiha kuma tana yin taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi a shiyyoyinta. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da shugabannin kasuwar gwari da ta dabbobi, da limamai, da ƙungiyoyin mata da na matasa, kuma 'yan siyasa sun san ƙofarsu in zaɓe ya zo. Yawanci in an samu zama da shugaban ƙaramar hukuma, maganar rumfunan kasuwa da haraji ake yi, kuma suna da muhimmanci. Ina roƙon iyayenmu su ƙara da wannan: a nuna mana zanen ginin kafin a fara. A nuna mana inda mutum zai zauna in ya iso da sassafe, da inda zai yi tambaya a amsa masa da harshen da yake ji, da ɗakin da mace za ta shiga a rufe ƙofa ta yi bayani ga ma'aikaciya mace. A nuna mana banɗakin jama'a da wanda zai riƙa wanke shi, da kuɗin da aka ware don haka a kasafin kowace shekara. A kuma tafi taron da mata da tsofaffi da masu keken guragu, domin su ne za su fara gano abin da zanen ya manta.